Zenel Mai Gudun Ciniki

Ranar da Zenel ya sayar da taraktarsa bai koma gida ba sai da ya bi shagunan kofi na garinmu Shtoi ɗaya bayan ɗaya, yana sanar da jama'a cewa shi da noma sun yi hannun riga.

"Ƙasa ta wahalallu ce," in ji shi, yana dukan tebur har ƙananan kofuna na tsalle. "Mai kai iska yake nomawa. Ba taki, ba ban ruwa, ba cire ciyawa. Kullum bayan azahar Allah na turo ta daga teku kyauta. Ku sai dai ta ɗauke muku huluna, ni kuwa kuɗi za ta kwaso mini."

Idriz, wanda ya sayi taraktar a farashin da har yau in ya tuna sai ya yi murmushi, ya ce, "To a buhu za ka riƙa auna ta, ko a kwalba?"

"Kai dai ka ji da garmarka. Abin kama ta zan sayar."

Abin da yake nufi shi ne kayan wasan nan da baƙi ke cika mana bakin teku da shi duk lokacin zafi: mutum ya ɗaura ɗamara a ƙugu, ya maƙala igiyoyin wata ƙatuwar laima, ya taka allo, iska ta yi ta jan sa a kan ruwa kamar akuyar da ta ƙi zuwa kasuwa. Zenel bai taɓa hawa ba. Amma ya ce a jininsa abin yake, tunda kakanninsa 'yan fashin teku ne na birnin Ulcin, shi kuma ya yi shekaru a Jamus yana manajan wani babban kamfani. Mutum ne mai tumbi da gashin baki, wanda in ruwa ya kai masa gwiwa sai ya fara salati.

Bayan 'yan kwanaki mota ta sauke kaya daga tashar jiragen ruwa ta Bar: laimomi ja da kore da ruwan ɗorawa, alluna, ɗamaru, igiyoyi, famfon hura iska, hulunan kwano. Duk abin da Zenel ya mallaka a duniya ya koma cikin waɗannan jakunkuna. In sun tafi, ba gona, ba tarakta, sai baki.

Shagon kuwa rabin rumfar gado ce a bakin hanyar zuwa teku. Ɗaya rabin na marigayi yayansa ne, inda matar yayan, Sabriye, ke sayar da kankana. Masu baƙin ciki kan ce Sabriye ta cika tauri. Gaskiyar magana ita ce ta san darajar abu, kuma tun da mijinta ya rasu ba a haifi wanda ya cuce ta a ciniki ba. Abu ɗaya ne ke ci mata rai: rufin ɓangarenta buhunan taki ne da ta ɗinke, rana ta cinye su, kankanarta na dahuwa tun kafin azahar.

Zenel na cikin warware wata jar laima don mutane su gani, sai Sabriye ta tsallako ta kama gefenta, ta murza da yatsu biyu, ta ɗaga ta duba da rana. Sannan ta fara auna ta da kamu.

"Wannan yadin, ruwa na ratsa shi?"

"Matar Yaya, cire hannunki. Wannan ba zanen gado ba ne."

"Rana fa?"

"Ko wuta ba ta ratsa shi."

Sabriye ta ɗaga kai ta dubi ramukan rufinta, ta sake duban laimar, ta kai hannu bakin ɗankwalinta inda take ƙulle kwabbai. "To, ƙanin miji, zan ba ka..."

"Kada ki ƙarasa!" Zenel ya toshe kunnuwa da yatsu, ya ɓarke da waƙar biki da iya ƙarfinsa, ya fita baya-baya har ya faɗa cikin kwata.

Ba hauka ya yi ba. Al'adar da muke kira sefte ce ta tsorata shi. Kowa a nan ya san cinikin farko na sabon shago: duk wanda ya fara taya maka kaya, kunnenka ya ji, ba ya fita hannu wofi. Ka ja iya janka, amma a ƙarshe sai ka sallama, ka karɓi kuɗin ka goga a haɓa. Wanda ya mayar da mai seftensa kuwa, kowa ya ga abin da ya sami mai gyaran keke na bakin gada, yanzu kaji ke kwana a shagonsa.

Daga cikin kwata Zenel ya yi jawabi. "Ku saurara, mutanen Shtoi! Seftena na Bajamushe ne. Bajamushe ba ya taya kaya. Ka faɗi farashi ya biya, har ya ce ya gode. Duk ɗan garin nan da ya kusanto ni da kwabo a hannu, ban ji ba, ban gani ba!"

Sabriye ta koma kan kujerarta ta gyara zama. "Ni ba na bin kaya da gudu," in ji ta. "Kaya ke zuwa inda nake."

Kashegari ya buɗe shago sanye da baƙar rigar roba irin ta masu shiga ruwa, wai don baƙi su san gwani ne. Sai da mutum biyu suka taya shi cusa tumbin. Kafin hantsi gumi ya taru masa a ƙafafun rigar, duk takun da ya yi sai ka ji caɓal, caɓal.

Idriz ne ya fara leƙowa. "Sannu da aiki, kwaɗo. Wancan famfon zai yi wa tayar amalankena. Me za ka ce in na ba ka..."

Zenel ya haye saman rumfa. Bai sauko ba sai da kwanon ya fara gasa masa roba.

Yana saukowa sai ga tsohuwa Inna Nazife tana dogara sanda. "Ɗan nan, an ce kana da igiya mai ƙarfi. Ta shanyata ta tsinke, wandon maigidana ya faɗa cikin kabewa."

"Inna, igiyar nan daga Italiya take!"

"To ai wandon ma daga can yake. Zan ba ka..."

Caɓal, caɓal, caɓal, Zenel ya zagaya rumfa a guje, tsohuwa na biye da shi da sanda tana cewa ita ta yanke masa cibi, yau kuma shi ne ke gudun ta a kan igiya.

Daga nan labari ya bazu cewa akwai mai shago a Shtoi da ke gudun masu saye. Mutanen da ko kusa ba sa bukatar komai suka riƙa zuwa da kofinsu a hannu, su tsaya bakin rumfa, su yi gyaran murya kawai. Da sun ce "Zan..." sai a ji caɓal, caɓal. Sabriye ba ta taɓa sayar da kankana kamar a makon nan ba.

Da gudu ya ishe shi sai ya yi dabara. Ya samo kakin zuma, ya mulmula, ya cusa a kunnuwa biyu har ko aradu ba ya ji. Ya zauna bakin shago ya harɗe ƙafa yana yi wa maƙwabta murmushi. Su yi ta buɗe baki kamar kifi, shi yana ɗaga musu hannu.

Yana zaune haka sai ga wani saurayi da budurwa baƙi, ƙafafu duk rairayi, riƙe da igiyar laima da ta tsinke. Suka yi magana, suka miƙa masa tsinkakkiyar igiyar.

"Ba na sayen tsumma!" Zenel ya daka musu tsawa, don kurma bai san ƙarfin muryarsa ba.

Suka nuna sabuwar da ke rataye a bango.

"Ƙwarai! Irin wannan mutanen kirki ke riƙewa, ba irin taku ba. Ku kai wa mai gwangwan!"

Suka dubi juna, suka tsallaka wajen Sabriye suka sayi kankana. Ta nuna musu hanyar wani shagon da ke can bayan gada. Sai da ƙurarsu ta kwanta sannan ta yafito Zenel. Ya ja baya nesa da ita, ya zare kakin kunne ɗaya, yatsansa na tsaye a shirye.

"Ba taya zan yi ba," in ji ta. "Gaisuwa ce. Waɗancan biyun igiya suka zo saye. Yarinyar har ta buɗe jaka."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Na gaya maka. Har sau biyu. Ka ɗaga mini hannu."

Zenel ya ciji gashin baki, ya sake shiri. Daga yanzu kaki zai zauna a kunne, amma idonsa na kan hanya. Duk motar da ya gani da lambar Jamus, zai cire. Abin da ya manta shi ne, a wannan lokaci na shekara duk motar da ke da lambar Jamus a Shtoi ɗan Shtoi ne a ciki, ya dawo hutu ya nuna wa dangi ya samu.

Da hantsi wata baƙar mota mai sheƙi ta tsaya. Zenel ya zare kaki, ya ruga ya buɗe ƙofa, ya rusuna har robar ta yi ƙara. Wanda ya fito shi ne Gani, ɗan kawunsa, da sarƙar zinari a wuya.

"Zenel mai soso! Wallahi kai ne! Har yanzu maigidanka na can Jamus yana tambaya ina ka kai masa bokiti."

'Yan kallo suka matso. Idriz ya ce, "Wane bokiti? Ba manaja ba ne?"

"Manajan tiyo. Mota in ta shiga hannunsa sai an sake wanke ta." Gani ya leƙa shago, idonsa ya sauka kan hular kwano. "Kai, wannan za ta yi wa surukina a babur. Ɗan'uwa, zan ba ka..."

Kaki ya faɗi ƙasa, rumfa ta cika da mutane, ba hanyar gudu. Zenel ya tsunduma kansa cikin durom ɗin ruwan da Sabriye ke sanyaya kankana. Da numfashi ya ƙare ya ɗago.

"...zan ba ka..."

Tsundum.

Haka suka yi ta yi har Gani ya riƙe ciki don dariya ya zauna a ƙasa. Sabriye ta kwashe kankanarta daga durom ɗin, ta ce ba za ta sayar wa mutane abin da ya yi wanka da gashin bakin Zenel ba.

Da ya huce sai ya ce laifin talla ne, baƙi ba sa hango kayan daga hanya. Ya hura wata koriyar laima ta yi tim, ya ɗaure igiyarta a ginshiƙin tsakiyar rumfa. Bayan azahar iska ta taso. Laima ta miƙe, ginshiƙi ya ɗaga, teburin Sabriye ya karkace, kankana ta bazu a kan kwalta tana gangarawa teku kamar an tashi 'yan makaranta. Motoci suka yi ta ƙugi, kowa ya duƙa yana tara, wasu suna tarawa cikin motocinsu.

Zenel ya jira tsawa. Amma Sabriye tana tsaye, kanta a sama, laimar na shawagi daidai saman ɓangarenta.

"Inuwarta kuwa da sanyi," in ji ta a hankali.

Wannan ya fi tsawa tsorata shi. Ya ƙara wa kunnen da ke fuskantar ta kaki.

Bajamushen da aka daɗe ana jira bai zo a baƙar mota ba. A tsohon keke ya zo, dogo, fata ta yi ja kamar an soya shi, hanci na saɓa. Saura kaɗan Zenel ya kore shi, sai Gani, wanda yanzu kullum yake zuwa kallo, ya fizge kakin kunnensa na hagu ya ce, "Wawa, ga naka ya zo. Likitan haƙori ne."

Zenel ya buɗe baki zai yi Jamusanci. Abin da ya fito shi ne tambayar ko a wanke mota har da ciki. Gani ya ture shi ya karɓi tafinta.

"Ya ce yana son babbar jar nan. Amma ba zai yi maganar kuɗi ba sai ya ga ta tashi."

"Gaya masa ya kai ta ya gwada."

"Ya ce a ƙasarsu mai kaya ke gwadawa. Ya ji an ce kai gwani ne."

Zenel ya dubi jama'a, jama'a suka dube shi. Ya shafa tumbi. "Gaya masa rabin Jamus ni na koya musu."

Shtoi kaf ta bi su bakin teku. Mai aski ya bar mutum da kumfa a fuska, mutumin ma ya biyo da kumfarsa. Idriz ya zo a kan taraktar. Sabriye ta rufe kankanarta da buhu ta biyo baya, ba gaggawa, hannu a bakin ɗankwali.

A kan rairayi aka yi wata irin rawa. Kunnen Zenel na hagu a buɗe yake don Bajamushe, na dama a toshe don Sabriye. Ta zagayo hagu, ya juya. Bajamushe ya biyo don ya ji, ta sake zagayowa, ya sake juyawa. Suka yi ta kewaya su uku, caɓal, caɓal, har mai aski ya fara tafi.

"Matar Yaya, don girman Allah ki tsaya wuri ɗaya!"

"Bakin tekun na gadonka ne? Iska nake sha."

Da ƙyar aka ɗaura masa ɗamara. A jikin igiyar akwai wani jan abu da in an tura shi sai komai ya kwance. Zenel ya taɓa, ya kwance. Ya mayar, ya taɓa, ya sake kwancewa. Ya ce lallai 'yan Bar sun cusa masa mai lahani, ya ciro igiyar kwale-kwale daga aljihun Idriz ya naɗe wurin, ya yi masa ƙullin da ake ɗaure jirgi ranar guguwa.

Bajamushe ya ɗaga hannu biyu yana magana da sauri. Gani ya ce, "Wai wannan jan abin shi ake turawa in ana so a rabu da laimar."

"A rabu? Laimar da na sayar da tarakta a kanta? Gaya masa mu nan ba ma rabuwa da kayanmu."

"Ya ce kuma ta yi wa iskar yau girma."

"Babbar laima ta babban mutum ce. Ku saki!"

Suka saki.

Ko allon bai kai ga takawa ba. Laima ta yi sama da wani irin gurnani, Zenel ya yi taku uku da ba shi ya yi niyyarsu ba, na huɗu bai taɓa ƙasa ba. Ya dawo ta ciki ya yi huɗa a rairayi, madaidaiciya, irin wadda bai taɓa yi da tarakta ba. A hannunsa akwai sandar da ake sarrafa laimar da ita. Shi kuwa ɗan manomi, abin da ya sani shi ne in dabba ta yi gardama a ja linzami. Ya ja sandar zuwa ƙirji da iya ƙarfinsa yana cewa, "Tsaya! Tsaya, 'yar banza!" Ita kuwa laima haka ake ce mata ƙara wuta.

Ya bi ta kan masu kwanciya a rana, ya tafi da tawul a fuska. Ya bi ta kan tukunyar mai dafaffiyar masara. Shanun da ke zuwa kwanciya a bakin ruwa suka ga baƙin abu na saukowa daga sama yana salati, suka watse cikin baƙi. Ya tsoma a teku, ya fito, ya sake tsomawa, kakin kunne ya tafi da ruwa. Duk sanda ya sauko sai ya ja linzami, duk sanda ya ja sai ya koma sama.

"Yana gaishe mu!" in ji mai aski.

"Ba gaisuwa ba ce, wasiyya yake bari," in ji Gani.

Jama'a suka bi shi a guje ta bakin ruwa, Bajamushe na tura kekensa cikin rairayi. Sabriye ba ta bi su ba. Ta kama ƙarfen tarakta ta hau kusa da Idriz.

"Bakin kogi," in ji ta. "Ta kwalta."

"Yaya aka yi kika san can zai sauka?"

"Duk hular da iskar nan ta ɗauka can ake tsintar ta."

A bakin kogin Buna gidajen cin kifi ne jere a kan ruwa, a cike maƙil da masu cin abincin rana. A tsakaninsu akwai kalimerar Baba Bislim, wato bukkar katako mai dogayen sanduna da ƙatuwar raga da ake saukarwa cikin ruwa a ɗago da wani abin juyawa. Tsoho ya ɗago raga ke nan, 'yan kifi biyu na tsalle a ciki, sai ga jar laima ta naɗe a dogon sandan. Abin da ke rataye da ita ya yi lilo sau ɗaya, ya faɗo tim a tsakiyar ragar. Igiyoyi suka naɗe masa hannuwa a baya kamar ragon layya.

Masu cin kifi suka miƙe da cokula a hannu. Baba Bislim ya leƙa, ya daɗe yana kallo.

"Shekara da shekaru ina roƙon Allah babban kamu," in ji shi. "Ashe ban yi bayani sosai ba."

Sai aka ji ƙarar tarakta. Sabriye ta sauko, ta gyara ɗankwali, ta taka gadar katako har bakin ragar, ta gaida Baba Bislim, ta tambayi lafiyar iyali. 'Yan gudu sun fara isowa suna haki. Ta jira suka taru.

"Ƙanin miji, kana ji na?"

"Ba na ji!" in ji Zenel.

Kogin ya ɗauka da dariya har tsuntsaye suka tashi.

"Kun shaida," in ji Sabriye. Ta kwance bakin ɗankwali ta ɗaga kwabo ɗaya, Yuro guda, ya yi walƙiya a rana. "Na taya laimominka, duka, da igiyoyinsu. Ga abin da zan bayar."

Zenel ya yi ƙoƙarin toshe kunne da kafaɗa, tumbi ya hana. "Matar Yaya, ki ji tsoron Allah! Tarakta ce fa sukutum!"

"Ga taraktar can, ba ita na taya ba. Yadi na taya. Yadin da ya kori shanu, ya zubar da masarar mutane, ya jefa mai shi a raga. Wa zai saye shi bayan abin da aka gani yau?"

"Ɗauki ɗaya! Koriyar! Na sallama!"

"Rumfata faɗi gare ta."

"Biyu!"

Baba Bislim ya ce, "Ku yi ku gama, hannuna ya gaji." Abin juyawa ya kuɓuce masa kaɗan, raga ta sauka, ruwa ya kai wa Zenel wuya. Wani kifi ya shige masa ƙarƙashin haɓa.

"Rabi! Rabi, Matar Yaya, don darajar marigayi!"

"Don darajar marigayi zan ƙara maka abincin rana har kankana ta ƙare. Alluna da huluna na bar maka. Rigar ma ka riƙe, tunda ba mai iya cire ta. Ko ka sallama, ko in juya in tafi hannu wofi a gaban mutanen nan, kaji su samu sabon ɗaki."

Ta juya rabin juyawa. Raga ta ƙara sauka.

"Na sallama! Na sallama!"

Aka ɗago shi, aka jawo ragar kusa da gada. Sabriye ta zura hannu ta cikin ragar ta goga masa kwabon a haɓa da kanta, sama da ƙasa, yadda ake yi, sannan ta cusa masa a wuyan riga. "Allah ya sa albarka a kasuwa."

Jama'a suka amsa da amin.

Amin ɗin bai gama sauka ba sai ga Bajamushe ya iso, keke a kafaɗa, jakar kuɗi a buɗe a hannu, yana magana yana nuna sama. Gani ya share hawayen dariya ya ce, "Wai tunda yake bai taɓa ganin laimar da ta ɗaga mutum mai wannan nauyin ba. Ko nawa ne zai biya."

Wani sauti ya fito daga cikin raga, irin na ƙofar da ta daɗe ba ta ga mai ba.

"Gaya masa ya zo wajen mai kaya," in ji Sabriye. Ta faɗi farashin da ya sa Idriz ya dafe ƙirji. Bajamushe ya gyaɗa kai nan take ya ce ya gode. Ran Sabriye ya ɓaci. "Haka ake ciniki a garinku? Ni ka mayar mabaraciya? Gaya masa ya taya!" Bawan Allah ya rasa yadda ake yi, ya ƙara a kan abin da ta faɗa. Ta ce albarka. Ya sake ƙarawa. Sannan ta sallama, tana cewa don dai baƙo ne.

Ta juya za ta tafi, Baba Bislim ya ce, "'Yar nan, kifin fa? Abin da ya faɗa raga na mai raga ne."

Sabriye ta dawo ta duba Zenel sama da ƙasa yadda take duba kifi a kasuwa. "Ya tsufa, Baba. Duk kitse ne da baki."

"Amma akwai nauyi. Kankana biyu."

"Ɗaya, kuma daga waɗanda suka gangara kwalta."

"Ɗauki abinki."

Yanzu in ka bi hanyar teku za ka hango rumfar Sabriye tun daga gada, ja da kore da ruwan ɗorawa, inuwa har kan kwalta, kankana da sanyi kamar daga rijiya. Inna Nazife ta samu igiyar shanya, a farashin da har yau take tsine wa. Wahala ɗaya ce: yadin bai manta aikinsa ba. Da iskar azahar ta taso sai rufin ya kumbura ya nemi tafiya bakin kogi. Don haka Sabriye ta haɗa igiyoyin duka wuri ɗaya ta maƙala a ɗamara, ɗamarar kuma a ƙugun Zenel, shi kuma a kan kujera tsakiyar rumfa. In iska ta yi ƙarfi har ya fara rabuwa da kujerar, sai ta ɗora masa kankana a cinya ba tare da ta daina ciniki ba. Ranar da ta yi tsanani, biyu.

Duk baƙon da ya tsaya saye kuwa sai Zenel ya yafito shi, ya murza gashin baki, ya nuna rumfar da haɓa.

"Ka ga kasuwancin nan duka? Ni ke riƙe da shi. In na tashi, ya tashi."

Tun da aka haife shi, wannan ce magana ta farko da ya faɗa a Shtoi aka rasa wanda zai ƙaryata.